Hayaƙin da Na Hana a Rage

Dakoro, 9 ga Disamba, 2024

Zuwa ga ɗiyata Hamdiya, a Aljeriya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, Ya ƙara miki haƙuri, Ya buɗa miki karatu. Jiya aka yi sadakar arba'in ta mahaifinki, ƙanena Rabo, Allah Ya jiƙansa. Mutane sun zo daga Birnin Lalle, har da makiyayan Azagor da suka saba kawo masa niƙa ranar kasuwa. Mahaifiyarki Azara tana cikin takaba, ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Injin niƙa kuwa bai sake tashi ba tun ranar da marigayi ya kwanta, kuma a kansa nake rubuto miki, domin maganar ta fi ƙarfin tarho.

Kin tuna hutun bara, da kika shiga ɗakin injin kika fito idanunki suna ruwa. Kika ce baƙin hayaƙin nan gazuwal ne, man injin, da bai ƙone ba. Kika nemi a gyara bakin da ke fesa mai, a daidaita lokacin fesawar, sannan a gauraya alkol kaɗan, wato sinadarin barasa, cikin gazuwal don kunkunniya ta ragu, kamar yadda kuke gwadawa a makarantarku. Hama makanike ya ce shi da hannunsa ya ƙara buɗe famfon man, wai injin da ba ya baƙin hayaƙi ba shi da ƙarfi. Mahaifinki ya tambaye ki wa zai riƙe masa injin idan ya bugu ya fara tangaɗi. Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni na yanke magana, na ce ba za a niƙa abincin Musulmi da injin da aka shayar da barasa ba. Ban tambayi malami ba. Cikin fushi na haɗa har da gyaran fesawar na hana, alhali babu ruwansa da alkol. Kika sunkuyar da kai, kika ce to, Baba.

Da muka kai mahaifinki asibitin Maradi, likita ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaya shekara nawa ya yi yana shan taba. Rabo bai taɓa kai taba bakinsa ba. Shekara ashirin da biyu ne cikin ɗaki marar taga, da hayaƙi da ƙurar garin hatsi. Na tambayi likitan ko gyaran bara da ya cece shi, ya ce ba zai iya faɗa ba. Ajali na Allah ne, na sani. Amma a gadon asibiti mahaifinki ya hana a gaya miki tsananin ciwon saboda jarrabawarki, sannan ya kama hannuna ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta san abin da take faɗa."

Bayan sadakar bakwai na je wurin liman, Malam Zakiru, na kwashe duka na gaya masa. Ya ce a fahimtarsa shan abin aka hana, ba ƙona shi cikin ƙarfe ba, tunda ba ya taɓa garin da ake niƙawa. Ya kuma tambaye ni ko na taɓa janye hannuna sa'ad da ake shafa mini alkol kafin allura. Amsar da na samu cikin zama ɗaya ke nan, na bar ta shekara guda ban nema ba.

Yanzu wanki Jibril yana so ya tada injin ranar Litinin mai zuwa. Yana da iyali, matan unguwa kuma suna tafiya har ƙarshen gari da hatsi a ka. Sai dai ina jin tarinsa kowace safiya ta bayan katanga, in na yi magana ya ce mura ce. Na riƙe makullin ɗakin injin, har an fara cewa tsoho ya koma taurin kansa. Don haka ki rubuto mana dalla-dalla: irin alkol ɗin, tunda kin ce ba kowanne ke haɗuwa da gazuwal ba, da awonsa, da yadda za a kiyaye wuta, da abin da Hama zai murɗa. Ya yarda zai bi takardarki layi-layi. Mu kuma za mu fasa taga, mu fitar da bututun hayaƙi waje.

Na karanta wa iyali wannan takarda kafin in rufe ta. A matsayina na babban gida, ina neman haɗin kan kowa, babba da yaro: kada wanda ya taɓa injin nan sai amsar Hamdiya ta iso, kuma abin da ta ce shi za a yi, ko da ni na ce a'a. Ke kuma, ɗiyata, ki gafarta mini.

Azara, Jibril da matarsa Safi suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Adawiyya, abokiyar zamanki.

Babanki,
Amani Mahamman