Habibu Ya Tsallake Ni

Lahadi da dare, Satumba 2006, Glenwood

Yau aka fara kakar ƙwallon Amurkawa, wannan da ake runguma a ruga da ita. Sani ƙanin matata ya zo da riguna biyu iri ɗaya, tasa da ta ɗana Habibu.

Da ƙungiyarsu ta ci, Habibu ya tsallake ƙafafuna ya faɗa jikin kawunsa yana ihu. Na ce, "Me ya faru?" Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Baba, ba za ka gane ba."

Ni da na koya masa buga ƙwallo a bayan gida! Wallahi na ji kishi. Gobe a wurin aiki zan nemi mai koya mini wasan nan, amma Sani kam ba zan tambaye shi ba.