Ramin Bayan Ɗakin Wanki

Litinin, 3 ga Maris
Masu haƙa harsashin sabuwar makaranta sun ci karo da ƙasusuwa a tsohon asibitin sansanin soja. 'Yata ce ta zo da labarin tana haki. Na ce ta wane gefe? Ta ce bayan ɗakin wanki. Na ajiye tsintsiya na zauna.

Talata, 4 ga Maris
Rediyo wai kabarin fursunoni ne da aka kashe lokacin yaƙi. Ƙarya. Shekara uku ina wanke zannuwan gado da bandeji a ɗakin nan, na san ramin. Ƙafafu ne da hannaye. Likita ya yanke, maigidana ya ɗauka a bokiti ya kai baya. Aikinsa ke nan. Yara dai na ce musu mai gadin sito ne, har ya mutu bai ƙaryata ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Matar mai shago ta ce wa 'yata ai kowa ya san ubanki ne ke shiga wajen da shebur. Ta dawo ta tsaya a kaina. "Inna, Baba ya kashe mutane?" Mace mai shekara hamsin fa. Na ce ubanki ko kaza sai ya kai wa maƙwabci ya yanka. Ba ta yi dariya ba.
Na gaya mata gaskiya. Ta ce me ya sa na ɓoye. Ƙyama, mana. In ya dawo daga aiki ba na barinsa ya taɓa ta, kwanonsa ma daban yake. Wannan ban gaya mata ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na je. An zagaye wurin da igiya. Ɗan sanda ya ce Kaka koma gida. Na ce ku ƙirga kawuna, in kun sami ƙoƙon kai ko ɗaya ku rufe ni. Wata likita mai safar hannu ta ɗago daga ramin ta dube ni, ta tambayi inda nake zaune.

Litinin, 10 ga Maris
Babu kai ko ɗaya. Matar mai shago ta gaishe ni yau. Ban amsa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Likitar ta aiko mota, aka kai ni wurin. Innalillahi. Ba zubar da ƙasusuwan aka yi ba, a jere suke layi-layi. Kowane ƙashi an ɗaura masa guntun gwangwanin madara da waya, an huda lamba da ƙusa. Lambar gado ce. Sittin da uku. Ta ce a takardun asibitin umarnin shi ne a ƙone, to wa ya sa maigidana wannan wahalar? Ni take tambaya.
Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.
Kullum yatsunsa a yanke suke lokacin. Ban taɓa tambaya ba. Shekara talatin da huɗu ɗaki ɗaya.

Lahadi, 23 ga Maris
Wani tsoho ya zo da sanda biyu, jikarsa na riƙe da shi. Gado na ashirin da biyu. Su likitar sun duba littafin asibiti, sun ba shi ƙafarsa a ɗan akwati. Ya ce duk tsawon shekarun nan yana zaton karnuka ne suka cinye. Ya ce, "Yaya, ina son in ga fuskar mutumin."
Sai da 'yata ta jawo akwatina daga ƙarƙashin gado, hoton maigidana yana can ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wane irin mutum ne? Na ce ba shi da surutu.
Sun tafi. Hoton yana kan taga. Gwiwata ke ciwo, ba zan iya durƙuso in mayar ba.