Sunan Faruku a Kasuwar Ƙaura

Ƙauran Namoda,
Maris, 2000.

Zuwa ga Yayata Asta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Nuhu da yara da mutanen Gurbin Bore baki ɗaya. Mu ma da sauƙi, in ana kiran wannan zama sauƙi.

Har yau babu labarin ƙanenmu Faruku. Tun da motar shanunsu ta shiga kudu rikicin nan na ramuwar gayya ya rutsa da su, ko sama ko ƙasa. Waɗanda suka dawo sun dawo daga su sai rigar wuyansu, kowa ka tambaya ya ce a tasha suka rabu da gudu. Ba mu kaɗai ba ne, akwai gidaje a Shinkafi da Badarawa da Zurmi.

Yaya, ban san ɓata ya fi mutuwa ciwo ba sai yanzu. Gidan da aka yi rasuwa ana shimfiɗa tabarma, mutane su zo da hatsi da addu'a. Gidanmu ba mai shigowa, don ba wanda ya san gaisuwar da zai yi. Matarsa Salma ba ta takaba, ba ta kuma da miji, yaranta uku sun fara kwana da kunu tsurarsa. Inna kuwa ta hana kowa kuka. Ta ce ɗanta yana hanya, wanda ya zubar da hawaye ya yi masa baki.

Magaji shugaban direbobi ya same ni a rumfar awo. Yana so in yi waƙa a bi kasuwanni da ita a tara wa iyalan abinci. Na tuna masa tun da aka ƙaddamar da Shari'a na rataye kalanguna. Ya ce ya tambayi malamai, in dai ba kiɗa, baki kawai, babu laifi. Na amsa, amma na zauna na kasa haɗa ko baiti. Na iya yabon mai rai, na iya yi wa mamaci addu'a. Wanda ke tsakani ban san da wace murya ake kiransa ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Jatau.

Ƙauran Namoda,
Afrilu, 2000.

Yaya Asta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ciwon ƙafar nan ya sake ki, da fatan yara suna lafiya.

Waƙar ta samu. Amshinta ke nan:

Sun tafi neman halali, hanya ta riƙe su,
Allah mai hanya, ka maido su gida.

Mun kai ta Shinkafi ranar kasuwa, ni da 'yan amshina biyu, muna tsaye a bayan a-kori-kura hannu na dukan cinya saboda sabo. Ban ambaci sunan kowa ba, na ce dai wasu bayin Allah. Mutane suka tsaya, suka girgiza kai, suka koma cinikinsu. Abin da muka samo ko gida biyu bai isa ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin mutanenmu, masu tausayi a baki.

A hanya Magaji ya faɗa mini gaskiya mai ɗaci. Ya ce Bahaushe ba ya kyauta don wasu, sai ya ji sunan wanda ya sani, ɗan wane na unguwar kaza. Don haka na bi gidaje ina roƙon izinin sa sunaye. Wasu suka yarda, wasu suka ce in bar musu nasu.

Na durƙusa gaban Inna a ƙarshe. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta yarda, da sharaɗi guda. Ta ce, "Ka kira shi kiran mai rai. Kak ka rufe man ɗa da bakinka." Na yi mata alkawari, na ce amshin ma roƙon dawowa ne.

Mako mai zuwa a nan kasuwar Ƙaura za mu yi, Magaji ya aro lasifika. Kin san daga tsakar gidanmu ana jin ko kiran mai talla.

Naki,
Jatau.

Ƙauran Namoda,
Afrilu, 2000.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Ki zauna kafin ki karanta.

An yi waƙar. Kasuwa ta cika, na fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da na kira na farko, 'yan amshina suka ce Allah ka maido shi gida. Amma kin san mu. Tun muna yara, in aka jero sunayen mutane da murya mai rauni, amsa guda bakinmu ya sani. Wani tsoho a gaba ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙansa, na kusa da shi suka ce amin. Kafin suna na uku kasuwar duka ta ɗauka, muryar 'yan amshina ta nutse.

Sai hatsi ya fara zuwa. Masu awo suna juye gero da dawa ba sa ko duba tiya, mahauta suka aiko, har mata masu fura. Abin da aka hana masu rai a Shinkafi aka ba matattu a nan da hannu biyu. Magaji yana kuka yana ɗaure buhuna.

Sunan Faruku ne na ƙarshe. Ina da damar tsallake shi, ba wanda zai sani. Na tuna Inna na tsakar gida tana ji. Na kuma tuna yaran Salma, don ba za a ware kaso ba sai ga gidan da aka kira sunan ɗansa. Na kira shi, Yaya. Da bakina na kira shi, kasuwar Ƙaura ta amsa, kuma magana zarar bunu ce.

Da na koma gida na tarar an shimfiɗa tabarmi a zaure. Inna ce ta sa. Na faɗi gabanta ina cewa kuskuren jama'a ne, ba wanda ya ga gawa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na ji sanyi. Ta ce, "Musulmi kasuwa guda sun yi mai addu'a. Ni wa ce da za ni ƙiya?" Daga nan ta yi kukan da ta hana kowa yi.

Yanzu gidan cike yake da masu gaisuwa. Geron da waƙata ta kawo don yara shi ake dakawa gumbar sadaka. Matan Zurmi sun aiko a sa sunayen mazansu, sun kuma san amsar da kasuwa za ta ba da. Zan je kasuwarsu, yunwa ba ta bar musu zaɓi ba, ni ma haka.

Inna ta ce ki zo kafin sadakar bakwai. Ki zo, tana bukatarki. Amma ni ban ga kabarin Faruku ba, kuma a gidan nan ni kaɗai na rage da ke cewa yana hanya. In kin iso ki wuce wurin Inna. Don Allah kada ki yi mini gaisuwa.

Ƙanenki,
Jatau.