Yayen Ummi

Karaye, Asabar

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Rogo, yaya cirar gyaɗa? Yaya ƙarin haƙurinmu?

Na fita takabar Abdulmutalib, na koma koyarwa. 'Yan matan ajina sun tarbe ni har da guɗa, ni kuwa na tsaya ina kallonsu kawai. Jiya na rubuta rabin jimla a allo, alli na hannuna, sai ƙararrawar tashi na ji. Bahijja, uwar surutun ajin, ta ce wai Malama ta tafi Makka ba jirgi.

Malam Lado mai koyar da Faransanci ya ce Turawan Ingila da na Faransa kalma ɗaya suke kiran irina da ita, distrait: mutum yana nan, hankalinsa ba ya nan. Da a da ne, da ɗoki zan kai wa yaran ajina ita mu nemo ta Hausa. Kai kawai na gyaɗa masa.

Kada ki damu, ina ci, ina barci. Ummi ta fara bin bango.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Rumasa'u

Karaye, Alhamis

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, Allah ya sa haka, amin.

Shekaranjiya na ɗora ruwa a murhu, na ɗaura zanen goyo, na ɗaure majanyi, na fita. Ina tafe ina bubbuga bayana kamar kullum. Sai a ƙofar makaranta maigadi ya tambaye ni ina mutuniyarsa. Na kai hannu, zane kawai na shafo.

Maƙwabciyata Hajo ce ta tarar da Ummi dab da tukunya. Ba abin da ya same ta. Hajo ta wanke ni tas, ta ce ko akuya ba ta manta ɗanta. Ban ji haushi ba. Yaya, ko gudu ban yi ba, da tafiya na koma gida.

Ki zo ki ɗauke ta. Mu ce wa dangin babanta yaye ne, ko da yake lokaci bai yi ba. Ba za su hana ba, kowa ya san a gidan dangi ake yaye. Ba ta shan koko da zafi, kuma tana tsoron zakara. Idan ta yi rigima, goyo kawai take so.

Kada ki tambaye ni yaushe za ki dawo da ita. Ranar da na ji kewarta zan rubuto.

Allah ya bar zumunci.
Taki, Rumasa'u