Kwamfutar da Kawu Ya Kawo

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Binta da yara? Mu nan Haɗejiya lafiya lau.

Kawu Sale ya kawo min kwamfutar tafi-da-gidanka da ka aiko, Allah ya saka da alheri. Amma Yaya, ba sabuwa ka ce ba? Haruffan maɓallan sun goge, wasu sai na danna har yatsa ya yi ciwo. Da na kifa ta na karkaɗe, ɓuntun shinkafa ne ya zubo. Yaushe aka fara casa a Legas? Kawu kuwa tasa kwamfutar kullum tana gidan casarsa.

Ko Inna ban gaya wa ba. Faɗa min launin wadda ka saya kawai.

A gaida kowa. Ka sa ni a addu'a, ranar Juma'a zan je gaishe shi, kuma ka san bakina.

Ƙanwarka,
Hauwa