Ranar da Ake Ƙirga Ɗalibai, Ni Ina Cikin Sito

Zuwa ga Hajiya Shugabar Shirin Koyar da 'Yan Mata Ɗinkin Masana'anta, Babban Ofishi, Bompai, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku baki ɗaya.

Ranku ya daɗe, sunana Nusaiba. Ina zaune a Panshekara tare da mahaifiyata da ƙannena. Na gama sakandare bara, kuma ina cikin rukunin 'yan matan da kuka ɗauka a cibiyarku ta Sharada domin koyon ɗinki da keken lantarki. Ni dai a sanina ina ciki. Kwamfutar ofishinku kuwa ta ce na bar shirin. Wannan shi ne dalilin wasiƙata.

Ina neman afuwa da na rubuta ta a fili, domin ba halina ba ne. Ko a makaranta ba na magana a aji sai an kira sunana. Na riga na rubuta muku a cikin ambulan, na hau adaidaita sahu na kawo Bompai da kaina, maigadi ya karɓa ya ce zai miƙa. Na sake kawo wata. Har yau shiru. Ga shi jarabawar ƙarshe ta matso, kuma an sanar a aji cewa wadda sunanta ba ya cikin jerin masu halarta ba za ta zauna ba, ba za ta sami takardar shaida ba, ba kuma za a tura ta kamfani gwajin aiki ba.

Na ɗaya: yadda na shiga.

Mahaifina ma'aikaci ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Shi ya ga sanarwarku a manne a bangon masallacin kamfaninsu, ya kwafo ta a bayan hannunsa da biro saboda ba shi da takarda a lokacin. Shi ya kai ni Sharada a kan babur ɗinsa ranar tantancewa, ya tsaya a rana a bakin ƙofa har na fito. Da aka ɗauke ni, yana dariya ya ce in dage in koyi sana'ar da ba ta wari, don shi ko ya yi wanka sau nawa sai ƙannena sun toshe hanci suna tsokanarsa. An ba ni kati mai hotona, an ba ni keke a kusa da tagar bayan aji. Tun daga ranar har zuwa farkon damina ban taɓa fashi ba. Malamarmu shaida ce.

Na biyu: abin da ya hana ni zuwa.

A farkon damina Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ranku ya daɗe, cibiyarku ba ta bar mu mu kaɗai ba, kuma ba zan manta da wannan ba. Ranar sadakar uku motar cibiyar da kanta ta tsaya a ƙofar gidanmu. Malamarmu ta sauko, da 'yan ajinmu, har da malamin da ke kula da kwamfuta a ofis. Matan suka shiga ciki, shi ya zauna a kan tabarmar maza a waje aka yi addu'a da shi. Da za su tafi, Malama ta riƙe hannuna a gaban Inna ta ce, "Nusaiba, ki zauna da mahaifiyarki har hankalinta ya kwanta. Kekenki na nan yana jiranki."

Ni ce babba a gidanmu. Inna ta shiga takaba, ba ta fita. Cefane, kai ƙanina asibiti, zuwa kamfanin Baba a karɓo kayansa, duk ni ce. Na zauna har aka yi sadakar arba'in. A wurinmu, idan babba ya tako har gida ya yi maka gaisuwa, ya kuma ce ka zauna, to izini ya gama samuwa. Babu wanda ya ce mini akwai wata takarda da ake cikewa, ko ranar da aka ɗauke mu, ko ranar ta'aziyya. Na tambayi 'yan ajinmu daga baya, su ma ba su taɓa jin labarinta ba.

Na uku: abin da na tarar.

Da na dawo, na sami wata yarinya a kan kekena, sunanta Ummi. Ta ce daga jerin masu jiran gurbi aka kira ta. Na daɗe a tsaye a ƙofar ofis kafin na iya yin sallama. Malamin kwamfuta ya gane ni, ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ya nuna mini cewa kowace ɗaliba tana da matsayi: akwai mai halarta, akwai wadda ta dakata da izini, akwai wadda ta bar shiri, akwai wadda ta kammala. A gaban sunana an sa wadda ta bar shiri.

Na tambaye shi wa ya sa, kuma yaushe. Ya ce wallahi bai sani ba. Wataƙila kwamfutar ce da kanta idan fashi ya yi yawa, wataƙila daga Bompai ne lokacin da ake haɗa rahoto. Ya ce ita matsayin yanzu kawai take nunawa, ba ta ajiye na jiya, ba ta kuma ajiye sunan wanda ya canza. Shi ba shi da ikon mayarwa, sai daga babban ofishi. Na ga gurbin wadda ta dakata da izini da idona, yana nan kusa da wanda aka sa ni. Da ma an yi shi ne saboda irina.

Na huɗu: yadda nake zuwa yanzu.

Malama ta ce in ci gaba da zuwa kafin a gyara. Ba zan ambaci sunanta ba, kuma ina roƙon kada a ga laifinta, domin tausayina ta ji. Kullum ina fitowa da sassafe, in bi ayarin ma'aikatan da ke shiga aikin safe, in isa kafin kowa. Amma ba ni da keke. Ina zama a benci a bayan aji ina kallo, ina warware ɗinkin da wasu suka ɓata. Idan an fita sallar azahar da cin abinci, Ummi takan tashi ta bar mini wurin. Sai in yi sauri in yi tawa sallar a gefen aji, in zauna in ɗinka abin da aka koya da safe, ni kaɗai, babu motsin kowa sai ƙarar janareta. A haka na koyi ɗora kwala da saka zif.

Da safe ana kiran suna. A da, daga Nafisa sai ni, sannan Rabi. Yanzu daga Nafisa sai Rabi. Malama takan ɗan yi jim a tsakani, ba ta ɗago kai. 'Yan ajin ba su tsane ni ba, amma sun rasa yadda za su yi da ni. Idan an raba aiki rukuni-rukuni ba a sa ni. Wata ta taɓa kirana baƙuwar aji, da wasa ta faɗa, kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Na biyar: ranar masu bincike.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Kun san masu ɗaukar nauyin shirin sukan turo masu bincike su ƙirga ɗalibai su gwada da abin da ke cikin kwamfuta. Idan an sami ragi matsala ce, idan an sami ƙari ma matsala ce. Ranar da suka zo, ana jin tsayuwar motarsu Malama ta zo kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce in yi haƙuri in shiga sito, kada lissafi ya ƙi fita.

Na shiga, aka ja ƙofa. Na zauna a kan bandir ɗin yadi, ga warin man keke, ga zafi. Ta jikin bango ina jin ana kiran sunaye ana amsawa. Na ji wata mata tana tambayar 'yan aji ko akwai wadda take da matsala ko ƙorafi. Aka yi shiru. Sannan aka tafa, aka ce kowa ta matso a ɗauki hoto. Da aka buɗe mini, Ummi ta miƙo mini lemon da aka raba musu, ta ce ita ba ta shan mai sanyi. Na san ba gaskiya ba ne.

Ban gaya wa Inna ba. Kullum tana tambayata yaushe za a ba mu takarda, tana cewa da Baba yana nan da shi zai kai ni karɓowa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga roƙona.

A duba maganata a mayar da ni cikin masu halarta kafin a rufe jerin masu jarabawa, a rubuta lokacin da ban zo ba a matsayin dakatawa da izini. Ba sai an nemi shaida daga nesa ba, a tambayi direban motar cibiya inda ya kai mutane ranar sadakar uku. Ba na neman a ɗaga mini ƙafa a jarabawa. A ba ni yadi da keke kamar kowa, in na faɗi na faɗi.

Kada kuma a cire Ummi saboda ni. Kiranta aka yi, ba ta ƙwaci wurin kowa ba.

Sannan a gyara kwamfutar nan ta riƙa ajiye tarihin kowane canji: wa ya canza, yaushe, kuma saboda me. Kafin a rubuta cewa yarinya ta bar shiri, a kira lambar da ta bayar ko a tambayi malamarta. A kuma faɗa wa sababbin ɗalibai tun ranar farko cewa izinin baki ba ya isa ofis. Da akwai wannan tarihi, da masu binciken da kansu sun ga abin da ya faru da ni, da ba a buƙaci ɓoye kowa ba.

An ce za su dawo kafin jarabawa. Ina sanar da ku tun yanzu, cikin ladabi, cewa a wannan karon ba zan shiga sito ba. Na faɗa wa Malama, ta ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Ba ita ta sa ni ba, shawarata ce. Zan zauna a bencina na bayan aji da katina a wuya. Ban sani ba ko muryata za ta fito idan an tambayi mai ƙorafi, shi ya sa na rubuta komai a nan. Idan an ƙirga aka ga mutum ɗaya ta yi yawa, ni ce.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya ba ku ikon yin adalci, Ya saka muku da alheri a kan 'yan matan da kuka koya wa sana'a. Allah Ya jiƙan iyayenku kamar yadda mutanenku suka zo suka roƙa wa nawa.

Wassalam.

Ɗalibarku,
Nusaiba,
Panshekara.