Shafin Da Baban Yara Bai Karanta Ba

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ga littattafan kimiyyar da kika ce in zaɓo muku. Tunda na fara aikin laburare na lura yara ba sa ƙin kimiyya, littafi marar hoto suke ƙi. Don haka na ɗauko uku: na taurari, na ƙwari, da na duwatsu masu aman wuta. Kada ki miƙa musu ki tafi kicin. Ku zauna tare, kowa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, har babansu.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, saƙo ya iso.

Jiya da yamma muka zauna a falo kamar yadda ka ce. Na karanta nawa, Auta ya yi ta tuntuɓe da nasa, sai babbar, wadda kake kira Sarkin Tambaya, ta ɗora wa babanta littafin duwatsu a cinya. Ya ce idonsa ya gaji da walda. Ta nace. Sai ya fara, murya a sake, yana bayanin yadda dutse ke narkewa kamar ƙarfe a wuta. Har na ji daɗi. Yarinyar ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, “Baba, ai ba haka aka rubuta ba.”

Ya yi dariya, ya ce to ta nuna masa. Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko ta ce ya faɗa. Ya ajiye littafin a hankali ya fita tsakar gida.

Da na bi shi, ya gaya mini bai taɓa iya karatu ba. Shekara goma sha huɗu muna tare. Takardar makarantar yara ni yake miƙa wa, wai hannunsa da baƙin mai. Ta magani, wai ya manta tabarau. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne wasiƙun da ya riƙa aiko mini kafin aurenmu. Suna nan cikin akwatina, guda tara. Na tambaye shi wa ya rubuta, ya ce in bar maganar.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku kafin na iya ɗaukar biro. Ni na rubuta wasiƙun.

Lokacin yana yi mana gyaran ƙofar laburare ya same ni, kunya kamar ta kashe shi, ya roƙe ni in rubuta masa. Yana faɗa ina rubutawa da hannun hagu don kada ki gane. Wallahi ban ƙara masa kalma ɗaya ba. Sau ɗaya na so in gyara wata jimla, ya ce a bar ta yadda ta fito daga bakinsa.

Ya yi mini alkawarin zai shiga ajin manya, daga baya ya ce mini ya gama. Na yarda. Da na san ba haka ba ne, da ban ba ku shawarar karatu da ƙarfi ba. Na tona masa asiri a gaban 'ya'yansa, kuma na ɓoye miki abu tsawon shekaru. Ki yafe mini, shi kuma ki sassauta masa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana biyar ban yi masa magana ba, kai ma ban gama jin haushinka ba.

Yau na fito da wasiƙun na karanta masa ta farko. Ban kai rabi ba ya karɓe, ya ƙarasa ta da ka, babu inda ya kuskure.

Ka aiko mana da littafi mai manyan baƙaƙe, amma kada ya zama na jarirai. Ya ce ni zan koya masa, ba yara ba.

Ƙanwarka.